Babi na 7: Lissafin kuɗin ɗan ƙwallon kwando da ya bar jami'a da wuri

Darasi na ɗaya

To jama'a sannunku da zuwa, kowa ya feƙe fensirinsa. Yau lissafin kuɗi za mu yi da labarin samarin Amurka masu buga ƙwallon kwando a jami'a, wato ƙwallon nan da ake jefawa da hannu cikin raga a sama. Babbar gasar ƙwararru da suke burin shiga sunanta NBA, ƙungiyoyi 30 ne, duk shekara sabbin 'yan wasa wajen 60 kawai ake zaɓa. Dokarsu ta ce sai yaro ya kai shekara 19, shi ya sa da yawa suke yin shekara ɗaya a jami'a su ajiye karatu su tafi neman kwantiragi. Kwantiragi takarda ce ta yarjejeniya, kai ka sa hannu mai biyanka ya sa hannu.

Kuɗin da aka rubuta a takardar daban, wanda zai shiga aljihu daban. Mai samun kuɗi da yawa a Amurka harajin gwamnatin tarayya yana kaiwa 37 cikin 100, ejan ɗin da ya nemo masa kwantiragin shi ma zai iya karɓar har 4 cikin 100, ba a ma zo maganar harajin jiha ba.

Rubuta 100. A ƙasansa rubuta 37, bakwai ta zauna daidai ƙarƙashin sifilin ƙarshe. Ja layi. Ba a cire 7 daga sifili, sai an yi aro. Ka aro goma, 7 daga 10 saura 3. Tsaya nan kar ka yi sauri. Gidan da ka yi aron ya ragu, yanzu 9 ne ba 10 ba. Soke shi ka rubuta 9 a samansa da hannunka. 3 daga 9 saura 6. Amsa 63.

In 73 ka samu kar ka ji kunya, kusan kowa haka yake farawa, ka manta ne ka yi aro. Goge mu sake. Aro goma, saura 3, soke, rubuta 9. Na ga wata inna a aji ta goge wurin nan har takarda ta huje kafin ta gane, kuma ta gane ɗin, yanzu ita ke nuna wa na kusa da ita. Inna ki tuna, ki ba mai shago naira 100 ki sayi kayan 37, ai ba za ki tsaya jiran canjin 73 ba.

Yanzu 63 cire 4 na ejan. Aro ne kuma, 4 daga 13 saura 9, shidan nan ta koma 5, soke ki rubuta. Saura 59.

Darasi na biyu

Antoine Walker ya bar jami'ar Kentucky bayan shekara biyu, Boston Celtics ta ɗauke shi a 1996, ya samu sama da dala miliyan 100 a wasa amma a 2010 ya je kotu ya ce ya karye, bashi ya fi ƙarfinsa. Abin yana ba ni tausayi wallahi, yaro ɗan shekara 19 ko 20 a damƙa masa dukiya ga dangi ga abokai kowa da buƙatarsa.

Cire miliyan 37 daga miliyan 100 ɗinsa. Haba jama'a, jiya na duba littattafai mutum biyar sun sake rubuta 73! Sau nawa zan faɗa, in kun yi aro ku soke ku rubuta 9. Wanda bai zo da aikin gida ba ba ni yake cuta ba.

Darasi na uku

Zaɓen sabbin 'yan wasan NBA zagaye biyu ne. 'Yan zagayen farko su 30 kuɗinsu na shekara biyu tabbas ne. Na zagaye na biyu sai yadda aka yi ciniki. Wanda ba a zaɓa ba sau da yawa ƙaramar gasa ta G League yake komawa, a 2023 albashin wajen dala dubu 40 ne a kakar wasa, ga tallafin karatu ya tafi. Rubuta 40,000 ka ƙirga sifilin.

Darasi na huɗu

Greg Oden shi aka fara zaɓa a 2007, ciwon gwiwa ya hana shi wasa sosai, ya koma jami'ar Ohio State ya gama digiri a 2019. Cire 2007 daga 2019, wannan babu aro. A kawo ranar Talata.