Jinyar 'yar da ta girma: yadda na riƙe fayil, na bar mata maganar jikinta

'Yata tana da shekara 32, malamar makaranta ce, da 'ya'yanta biyu, lokacin da gwajin tsokar da aka yanka ya nuna kansar mama. Kuskurena na farko shi ne na shiga gaban likita ina amsa tambayoyi a madadinta kamar ina riƙe da jaririya. Muna fitowa ta ce, "Mama, jikina ne fa." Daga ranar muka raba aiki: ita ke magana da likita, ni ke da takardu da waya da kula da jikoki.

In kina cikin irin halin, fara da binciken inshora tun kafin a sa ranar kemo, wato maganin kansa da ake sawa ta jijiya. Inshorar ma'aikata ta NHIA, hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, tana ɗaukar miji ko mata da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, don haka katinki ba zai rufe babbar 'ya ba. Sai nata na wurin aiki, ko na mijinta, ko ta yi rajista da kanta. Kuma katin ba ya biyan komai. A tambayi kamfanin HMO, wato wanda ke biyan asibiti a madadin inshora, abin da za su biya da abin da ba za su biya ba, a ce su turo a rubuce, ko ta saƙon waya ne. Maganar baki iska ce.

Wahalar tana wurin lambar amincewa. Asibitin da take rajista ne zai tura ta babban asibiti, HMO kuma ta ba da lamba kafin a taɓa ta. Mun taɓa zama daga bakwai na safe har bayan La'asar, yarinya na kwance a benci da mayafi a fuska, lamba ba ta zo ba, aka ɗage mu. Yanzu kwana uku kafin ranar nake fara kira. Ina rubuta sunan wanda ya ɗauka da ƙarfe nawa. Tun 2025 hukumar NHIA ta umarci kamfanonin su ba da amsa cikin awa ɗaya. In kika ambaci haka a natse, kika ce za ki kai ƙorafi ofishin hukumar na jiha, murya kan sauya.

Fayil ɗin roba na saya. Sakamakon gwaji, rasit, takardar magani, kowanne da kwafi biyu da hoto a waya. Asali ba ya barin hannuna.

Abin da inshora ta bari, je ofishin walwalar marasa lafiya na asibitin ki tambayi Asusun Kansa na gwamnatin tarayya, wanda ke tallafa wa masu kansar mama da ta bakin mahaifa da ta prostate, ƙullin da ke ƙasan mafitsarar maza. Asibitin koyarwa na Zariya da na Gombe da Babban Asibitin Ƙasa na Abuja suna cikin waɗanda aka fara da su. Akwai jira, don haka a cike fom da wuri. In za a gasa kansar da na'ura, kira ki tabbatar tana aiki kafin ki biya kuɗin mota.

A gida kuwa, kemo ɗinta duk mako uku ne, kuma sai an auna jini tukuna. Kwanakin bayansa bakinta kan yi gyambo, yaji ya gagara, sai koko mai ɗumi da dafaffen ƙwai. Ki ajiye ma'aunin zafin jiki kusa da gado: in ya kai 38, asibiti a daren, kar a sha farasitamol a kwanta.

'Yan dubiya za su zo da sassaƙe da jiƙo a gora. Ina karɓa, in yi godiya, in ajiye a kicin. Ba abin da ke shiga cikinta sai likita ya sani. Mai tambayar me zai taimaka da shi kuma ba na ce masa "addu'a kawai". Ina cewa addu'a, da kai yara makaranta ranar Talata.