Abin hawanka yana riga ka sallama: kurakuran masu sana'ar hannu

Na gaji da ganin abu guda yana maimaita kansa. Yaro ya yi shekaru a hannun maigidansa, ya iya wayarin, ya iya haɗa sola, a yaye shi da addu'a, sai ya ɓata wa kansa kasuwa tun daga bakin get, kafin ya taɓa ko fulaya. Wanda ya kira ka aiki yawanci bai iya bambance waya mai kyau da jabu ba, bai san ko ka ɗaure haɗi da kyau ba. Abin da idonsa ke iya aunawa shi ne abin da ka hau ka zo, da yadda ka ɗauro kaya, da inda ka ajiye. Da wannan yake yanke shawarar ko ya ba ka kafin alƙalami hankali kwance, ko ya kafa kujera ya tsare ka har ka gama. Ni wayarin da sola nake yi a Kano, amma maganar ta shafi mai gyaran famfo da kafinta da mai tayil da mai walda.

Babban kuskure, wanda ya fi ci mini rai, shi ne sauya abin hawa a tsakiyar aikin mutum. Wannan ya taɓa ƙona ni, kuma har gobe ina jin zafinsa. Wani bawan Allah ya ba ni aikin gidansa gaba ɗaya, ya biya kaso mai tsoka don a sayo kaya. A daidai lokacin kuɗin adashina ya fito, na haɗa da na babur ɗin da na sayar, na sayi wata tsohuwar Golf. Ko sisin kwabonsa bai shiga ciki ba. Sai aka yi rashin sa'a inbatar da muka yi oda, wato na'urar da ke juya wutar batir ta zama irin ta gida, ta makale a hanya daga Legas. Ranar da na shigo da motar, ya dube ta, ya dube ni, ya ce, "Malam, Allah ya sanya alheri, ya tsare hanya." Bai ƙara komai ba. Amma daga ranar kowane rasit sai ya kira shagon ya tabbatar, kowane ƙunshin waya sai ɗansa ya ƙirga. Na gama aikin lafiya, ya biya ciko, amma gidajen 'yan'uwansa da ya yi mini alkawari, wani aka kira.

To ku saurara, samari. Mutumin da kuɗinsa ke hannunka, kayansa ba su iso ba, in ya ga sabon abu a wurinka, lissafi ɗaya zuciyarsa za ta yi. Ba mugunta ba ce, an sha cuta ne. Kusan kowane mai gini a garin nan yana da labarin ma'aikacin da ya karɓi kuɗin kaya ya yi hidimar gabansa da su. Kai kana ganin ka ɗaga darajarka, shi yana ganin batiransa ne ke yawo a kan taya huɗu. Abin da nake yi yanzu: muddin akwai kuɗin wani a hannuna, ba na sauya ko kujerar babur. Sai na miƙa aiki, an kunna, an gwada, an yi musabaha. In kuma ciniki ya taso da ba zai jira ba, ina gaya wa mai aiki da bakina tun kafin ya gani da idonsa, kuma rasit ɗin kayansa na hannunsa.

Kusa da wannan akwai sayen motar nuna isa. Yaro ya samu kwangila ɗaya mai kauri, washegari yana wurin dillalai yana tambayar 'yar Kwatano mai sheƙi, wai don a kira shi injiniya. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, a 2024 ta tsallake 1,000. Wa zai biya wannan man? Dole ka cusa shi cikin kuɗin aiki, kuma mai aiki ba yaro ba ne. A Kurna ko Rijiyar Zaki, in ka faka babbar mota don gyaran soket biyu, an riga an ɗauka za ka tsawwala, gobe wani za a nema. A Nasarawa ko Bompai motar na iya sa maigadi ya buɗe maka da sauri, wannan gaskiya ne, amma Alhajin da ke ciki ya ga motocin da suka ninka taka, ba za ta burge shi ba. Abin da yake dubawa shi ne ko tsaninka ya shiga, ko ka zo a kan lokaci.

Na biyu da nake son in tsaya a kansa shi ne akasin haka: ƙyashin kuɗin dako. Wallahi raina yana ɓaci in na hango mutum a Titin Faransa ko ya fito daga Ƙofar Ruwa, inda ake sayen kayan lantarki da na gini, ya ɗora farantin sola a bayan babur, yaronsa ya rungume shi, iska tana kaɗa su. Faranti mai wat 550 tsawonsa ya haura mita 2, nauyinsa ya kusa kilo 28. Gilashinsa na iya isa gida garau, amma kowane rami da kuka faɗa yana tsattsaga ƙwayoyin da ke ciki, tsagar da ido ba ya gani. Bayan watanni wuta ta ragu, mai gida ya ce ka sayo masa jabu. Babban batirin sola mai ruwa, na 200Ah, ya kai kilo 60, kuma asid ne a cikinsa. In ya karkata ya zuba, ya ci kaya, ya ci tufa, ya ci fata. Kana tsammanin matar gidan da ta leƙo ta ga kayan miliyoyinta a ɗaure da robar taya za ta sake yarda da kai? Ta sayar da gwal ko ta yi tanadin shekaru ta sayi wannan kaya. Ka ji tsoron Allah a kan dukiyar mutane.

Maganin ba sayen Hilux ba ne. Ni ranar duba aiki da awo a babur nake zuwa, don ya fi sauri a cunkoso kuma yana shiga lungu. Ranar kaya kuwa kurkura nake ɗauka, in kayan da yawa akori-kura, a jera farantan a tsaye cikin kwalinsu, a sa katifa ko kwali a tsakani, batir a zaune a ƙasa. Kuɗin dakon ina rubuta shi a fili cikin lissafi, layinsa daban. Ban taɓa ganin wanda ya yi gardama a kansa ba in ya ga kayansa sun sauka da mutunci. Wasu abokan sana'a suna cewa gara ka mallaki taka a-daidaita-sahu ka cire kujerar baya. Ban ƙi ba ga mai aiki kullum, amma ni na fi son direba ɗaya amintacce da nake kira, gyara da takardu suna wuyansa.

Babur kansa ba abin kunya ba ne, ku cire wannan daga ranku. Boxer ko Jincheng mai tsafta, da akwatin kayan aiki a ɗaure daram a baya, ya fi mutunci a idon mai aiki a kan motar da sai yaran unguwa sun tura. Abin kunyar shi ne diril da sukudireba da abin gwajin wuta a zube cikin buhun shinkafa, ka zazzage su a tsakar gidan mutum kana laluben tef. Na sa kafinta ya yi mini akwatin katako mai gida-gida da kwaɗo, kowane abu da mazauninsa.

Sauran ƙanana ne, amma suna taruwa. Salansa mai ƙara ko hayaƙi: gyara, akwai tsofaffi da jarirai a gidajen da kake shiga. Injin da ke ɗigar baƙin mai: tabonsa ba ya fita daga intalok, ni kwali nake shimfiɗawa a ƙasa ko da ba ya yoyo. Hoton ɗan siyasa a jikin abin hawa: cire shi, ba ka san ɓangaren wanda ya kira ka ba. Baƙin gilashi: maigadi yana son ganin wanda zai buɗe wa ƙofa. Ku uku a kan babur ɗaya da jakunkuna: tun da aka hana acaɓa a Kano a watan Janairun 2013 saboda matsalar tsaro, idon masu gadi bai daina tsayawa a kan irin wannan shiga ba, ka biya wa yaranka kuɗin a-daidaita-sahu.

Wurin ajiyewa ma magana ce. Kada ka kutsa cikin gida don ka ga get a buɗe, kada ka shige rumfar maigida, kada ka tare ƙofar maƙwabci. Tsaya a waje, yi sallama, ka ce, "Baba, ina zan ajiye?" Maigadin nan shi za a tambaya game da kai bayan ka tafi.

Sai takardu. In lasisinka ya ƙare, ko 'yan KAROTA, jami'an kula da zirga-zirgar ababen hawa a Kano, suka tsare ka don lodin da ya wuce ƙa'ida, mutumin da ya fasa fita kasuwa yana jiranka ba ruwansa da uzurinka. Ina ajiye kwafin takarduna a leda cikin akwatin aiki, na kuma rubuta ranar ƙarewarsu a bangon shago. In za ka rubuta sana'arka da lambar waya a jikin abin hawa, ka sa mai fenti na gaske ya yi, ka karanta kafin ya bushe, kuma ka tabbata layin da kake ɗagawa ne ko da daddare.