Yadda ake haɗa asid ɗin kitse da albumin don renon ƙwayoyin halitta

Ɗalibin da ke son nazarin taruwar kitse a hanta, ko a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua yake ko a ta Dutsin-Ma, duk a jihar Katsina, abin da zai fara ba shi wahala shi ne kitse ba ya narkewa a ruwan reno, wato ruwan da ake renon ƙwayoyin halitta a ciki. A jikinmu furotin ɗin albumin ne ke ɗaukar asid ɗin kitse ya zaga da shi cikin jini, don haka a ɗakin gwaji ma sai an ɗora shi kan albumin ɗin shanu, wato BSA. A sayi wanda aka cire wa kitse. Na gama-gari yana zuwa da nasa kitsen, lissafi kuma ya rikice tun ba a fara ba.

Da falmitik za mu yi misali, asid ɗin kitsen da ya fi yawa a manja, domin shi ne mai taurin kai: sai zafi ya kai wajen digiri 63 yake narkewa.

A auna miligiram 256 a zuba cikin mililita 10 na ruwan soda, NaOH mai ƙarfin 0.1 M (M ma'aunin ƙarfin haɗi ne, mM kuma kashi ɗaya cikin dubunsa). A sa a kwanon ruwan zafi mai digiri 70, ana kaɗawa har ya yi garau. An sami falmitik 100 mM ke nan. A gefe guda a narkar da giram 1 na BSA a mililita 10 na ruwan gishiri, NaCl 150 mM, a digiri 37. A juya a hankali, kada a girgiza, kumfa na ɓata furotin.

Haɗawar ce wurin da ake faɗuwa. Falmitik na fita daga zafi yake daskarewa, kamar man shanu da sanyin hunturu, sai ka ga ya yi fari a bakin fifet, bututun da ake ɗiban ruwa da shi, ya toshe shi. Saboda haka a ɗumama bakin fifet ɗin tukuna, a ajiye kwalaben biyu dab da juna, a ɗebi rabin mililita na falmitik a riƙa ɗiga shi cikin mililita 9.5 na BSA ana juyawa. Kada a kai BSA digiri 70, dahuwa zai yi. A bar haɗin a digiri 37 na awa guda. In ya fito garau, an sami 5 mM, kusan kitse uku da rabi ga albumin ɗaya. In kuwa ana ganin farin gari yana yawo, a zubar a sake. Wasu kan tace su ci gaba, amma kitsen ya maƙale a matata, ba wanda ya san nawa ya rage.

A daidaita pH, ma'aunin tsami, zuwa 7.4, a tace da matata mai ramin maikuromita 0.22 a cikin akwatin aiki mai tsabtataccen iska. Lokacin hunturu, da ƙura ke shiga ko'ina, a ƙara kula.

Sai ajiya, kuma nan ne Katsina ke da nata sharaɗin. A Afrilu zafi kan haura digiri 40, wuta kuma tana ɗaukewa. A rarraba haɗin a ƙananan kwalabe na mililita ɗaya ɗaya, a sa a firiza mai digiri 20 ƙasa da sifiri, can ciki, ba a ƙofa ba. Wanda aka narkar kada ya koma. Wasu asid ɗin kitsen, oleyik da linoleyik, ruwa ne, sun fi sauƙin haɗawa, amma iska da haske na lalata linoleyik, a naɗe kwalbarsa da takardar alminiyom.

Ranar gwaji a ɗumama kwalba ɗaya a digiri 37. Kashi ɗaya cikin ashirin na ruwan reno zai ba da 0.25 mM, ɗaya cikin goma kuma 0.5 mM, wanda kan fara kashe ƙwayoyi da yawa, har da na hanta irin HepG2. Lallai a tanadi rukunin kwatance da aka ba BSA da soda daidai gwargwado, ba kitse. Bayan awa 24 a rina da Oil Red O, ɗigon kitsen zai fito ja a ƙarƙashin madubin likita.