Kafin ka ciyo bashin banki don noman gida

'Yan uwa na Mile 12 da Agege a nan Legas masu shirin karɓar bashi a ƙananan bankunan nan na maikurofainas ku tura gida a yi noma, ga shawara.

Kar ka tsaya a "kashi nawa ne ruwan?" Ka ce a rubuta maka jimillar abin da za ka biya, da ranar fara biya.

In an ce kashi 5 a wata sai ka ji kamar ba komai, alhali dubu 100 a wata 6 ta koma dubu 130, ban da kuɗin fom da inshora da wasu ke zarewa tun kuɗin ba su shigo hannunka ba.

Kuma da yawansu biyan mako-mako ne, ita kuwa masara ba ta san mako ba, sai kaka. Ni bara ribar tumatirina ce ta riƙa biya, wallahi na ji jiki.

In ba ka da cinikin kullum a nan Legas, nemi wanda ake biya bayan girbi, ko ka shiga adashe. Mai gudun kuɗin ruwa ya leƙa bankunan Musulunci irin su Jaiz.

Amma fa in damina ta ƙi ko ambaliya ta ci gonar, lissafin nan ba zai cece ka ba, banki kuɗinsa yake jira.