Yadda na hana ruwan sama cika tarkon ƙwarina a gona

Daminar bana na samu aikin wucin gadi na ƙidayar tsuntsaye da ƙwari a gonakin dawa da masara a gefen Zariya. Da asuba nakan tsaya minti 10 a kowane wuri in rubuta tsuntsayen da na gani ko na ji kukansu, da hantsi kuma in duba tarkon ƙwari, wato kofin roba a binne, bakinsa daidai da ƙasa, da ruwan gishiri da ɗigon sabulu a ciki.

Da Agusta ta kama, sai in tarar kofunan sun cika fal da ruwa da taɓo, gyare da tururuwa duk sun malale.

Na rage ruwan gishirin, a banza. Na rufe da leda, ƙwarin suka daina faɗawa.

Ranar da ruwa ya tare ni a gonar ne na gane matsalar: ashe a kwarin kunya na binne su, inda ruwa ke bi. Sai na mayar da su saman kunya. Na haɗa kofi biyu, ɗaya cikin ɗaya, na huda gindin na wajen. Na cikin kuma na yi masa huji 6 da allura mai zafi, santimita 2 ƙasa da baki. Sannan na kafa tsinke uku, na kifa farantin roba a kai, tazarar santimita 5 daga ƙasa, na danne da dutse.

An yi ruwa mai ƙarfi sau uku tun lokacin, ƙwarina na nan cikin kofi. Alhamdulillahi, kuma na gode wa Baba mai gonar da ya yarda na taɓa kunyarsa.