Kurakuran da muke yi wajen sayen faifan fim na HD da araha

Jama'a wanga zance na masu kallon fim a faifai ne, don har yanzu akwai mu a Sakkwato duk da waya da masu turi sun cinye kasuwar. Abin da ke ci min rai shi ne yadda kuɗin mutane ke tafiya a banza, mutum ya sayi abin da anka rubuta ma HD (hoto tangaram) ko Blu-ray (faifan da ke ɗaukar fim na HD) yana murna ya samu araha, ya kai gida ya kunna sai hoto ya fito dishi-dishi, fuskar jarumi ma ba ta fita da kyau.

Babban kuskure shi ne yarda da kwali. Kwali fa bugawa ake yi, kowa na iya rubuta Blu-ray da shuɗin fenti ya liƙa. Za ka ga an baza su a tebur bakin kasuwa, an rubuta fim 20 a faifai ɗaya kuma wai duk HD ne, to dan Allah mu yi lissafi. Faifan DVD na ɗaukar 4.7GB, mai hawa biyu 8.5GB, in ka raba 8.5 gida 20 kowane fim bai kai rabin GB ba. Shi kuwa Blu-ray na gaske 25GB ne ko 50GB kuma galibi fim guda ne tal a ciki, shi ya sa hotonsa ke fita tangaram, yawan ɗigon hotonsa 1920 da 1080, alhali DVD iyakarsa 720 da 576. An matse fim ashirin wuri ɗaya ina ingancin zai fito? Gyaran mai sauƙi ne, ka ce ma mai shago ya sa faifan cikin na'urar DVD ta yau da kullum, in ya tashi ya fara wasa to wallahi ba Blu-ray ba ne, don na'urar DVD da jan haske take karatu shi kuwa Blu-ray sai mai shuɗin haske. Sannan ka juya bayansa, in ka ga ruwan shanshanbale to a kwamfuta anka kwafe shi. Amma kar ka ce don bayan ya yi fari kamar azurfa shi ke nan orijinal ne, masu jabu ma suna da injin bugawa. Haka duk faifan da anka ce Blu-ray ne kuma fassarar Hausa ce a ciki, kamfanonin da ke buga Blu-ray ba su sa muryar Hausa, ka saye shi a kuɗin DVD kawai.

Na biyu, sayen faifai kafin a duba na'urar da ke gida. Da yawa ba su san cewa na'urorin gem na PlayStation, PS3 da PS4, na karanta Blu-ray ba, in yaran gida na da ɗaya to ba sai ka sayi wata na'ura ba. Amma faifan 4K, mai hoton da ya fi na Blu-ray na yau da kullum, wanda anka fara fitarwa a 2016, PS4 ba ta karanta shi ko da Pro ce, sai PS5 mai ramin faifai ko Xbox One S da makamantansu. Akwai kuma wani tsohon iri mai suna HD DVD da ke biyo kayan gwanjo jefi-jefi, yawanci kwalinsa ja ne, kamfanin Toshiba ya daina yinsa tun 2008, ko kyauta anka ba ka ba ya da amfani don na'urar Blu-ray ba ta karanta shi.

Sai maganar yanki, nan ne masu oda ta intanet ko masu aiken 'yan uwa ke ƙonewa. An raba Blu-ray gida uku, A na Amurka da Japan, B na Turai da Afirka da ƙasashen Larabawa, C na Indiya da Sin da Rasha. Mu B muke. Ka ga faifai da araha a Amurka ka biya da dala ka biya kuɗin jirgi ka yi jira, ya iso na'ura ta ce ba ta san zance ba. Ka duba bayan kwali, harafin na nan ƙarami, in ka ga ABC gaba ɗaya to ko'ina yana yi, wasu ma ba a kulle su ba sam, faifan 4K kuma ba ya da yanki. In za ka yi aike gara Ingila ko Dubai ko Saudiyya. Sai dai ka san ita ma na'urarka daga ina ta fito, in 'yar Amurka ce to A take ci, kuma ka karanta bayanta kafin ka jona, da yawansu wutar volt 120 ce mu kuma 230 muke, soket ɗaya ta isa ta ƙone ta.

Wani kuma komi nashi orijinal ne amma ya jona da wayar nan mai kai uku, rawaya da ja da fari. Wagga waya ba ta ɗaukar HD ko kaɗan, wayar HDMI za ka nema. Ka kuma duba tibin, da yawan masu inci 32 iyakarsu 1366 da 768, a kansu faifan 4K asarar kuɗi ce tsantsa.

Na hannu kam ina goyon bayan sayensa, nan ne arahar gaskiya take, fim ba ya tsufa don wani ya riga ka kallo. Ka ɗaga shi a haske ka duba karce, ƙananan layuka ba komi amma mai zurfi ko wanda ya bi zagayen faifan ka ajiye musu abinsu, cizo zai riƙa yi yana tsalle daidai inda fim ya yi daɗi. Wanda ya wuni a tebur cikin ranar Sakkwato ta watan Afrilu da zafi ke wuce 40, ka aza shi kan gilashi ka gani ko ya lanƙwashe. In ƙurar hunturu ta hau shi ka hure tukuna, sannan ka goge da tsumma mai laushi daga tsakiya zuwa baki, ba zagaye ba, kuma ba da bakin riga ba.

To ko kuɗin ya cancanta? A ganina in fim ne da za ka kalla sau ɗaya ka manta, bai kai ba, ka je wajen masu turi ko ka kalla a waya. In kuma irin wanda kake maimaitawa ne da iyali, kana da tibi babba da sifika mai kyau, to Blu-ray ɗaya na gaske ya fi tarin 20 a 1 guda goma, ba ruwanka da data ko netwok. Kawai in oda ce ka haɗa kuɗin faifai da na aike kafin ka ce ya yi araha, kuma ka haɗa kai da abokai ku yi oda tare kuɗin jirgi ya rabu. In a shago ne ku yi magana tun kafin ka miƙa kuɗi, a gwada maka farko da tsakiya da ƙarshen fim, in mai shago ba ya da na'urar gwaji to ku shirya cewa in bai yi ba za ka maido.