Kurakuran da ake yawan yi wajen koyon zama a kan doki da doguwar igiya

Da yawa daga cikin samarinmu da ke hawan doki a unguwannin Nima da Mamobi na Accra, ko masu kilisa a bakin tekun Labadi, da linzami suke riƙe kansu a kan sirdi. Da doki ya ɗan zabura sai su finciki bakinsa, linzaminmu na gargajiya kuwa ba ya wasa. Maganin wannan shi ne darasin zagaye: mai koyarwa ya tsaya a tsakiya da igiya mai tsawon kamar mita 8 zuwa 10, doki yana kewaya shi, mahayi kuma babu ruwansa da sarrafa doki, zama kawai zai koya. A tsohuwar makarantar hawan dawaki ta birnin Viyana a Ostiriya, sabon ɗalibi yakan shafe watanni a kan igiya, ba linzami ba likkafa. A nan Accra kuwa sau da yawa ana ɓata darasin tun kafin yaro ya hau.

Ana ɗora ɗan koyo a kan dokin da shi ma bai taɓa zagaye da igiya ba. Sai dokin ya yanko ciki ko ya ja waje, darasi ya koma kokawa. A horar da dokin shi kaɗai tukuna har ya san muryar mai koyarwa, kuma kowace rana a ɗan zagaya da shi babu kowa a bayansa kafin a hau. Igiyar a ɗaura ta a ragama, ba a linzami mai kaifi ba.

Ƙaramar da'ira tana gajiyar da gaɓoɓin doki. A buɗe ta ta kai faɗin mita 15 zuwa 20, a riƙa sauya ɓangaren da doki ke zagayawa, kuma minti 20 zuwa 30 sun isa. Yashin bakin teku mai zurfi yana jan jijiyar ƙafa, gara fili mai laushi wanda ƙafa ba ta nutsewa, da sassafe kafin rana ta buɗe.

Mai koyarwa kada ya kuskura ya naɗe igiya a hannu, dokin da ya firgita zai iya tafiya da yatsu. A ninka ta a riƙe, a sa safar hannu. Bulala nuni ake yi da ita wajen cinyar doki, ba duka ba.

Babban ciwon dai yana wurin mahayi: matse sirdi da gwiwa. Yaro yana ganin matsewar ce za ta hana shi faɗuwa, alhali ita ke ɗaga shi sama. Gwiwa ta ƙame, diddige ya tashi, ƙugu ya sandare, da an fara sassarfa sai ka ga yana tsalle kamar buhun gawayi a bayan aboboya, babur ɗin kaya mai ƙafa uku. Sirdinmu mai doguwar kwacciya gaba da baya yana rufa wa irin wannan zama asiri, shi ya sa wani zai yi shekaru yana hawan Sallah bai san yana da matsalar ba. In akwai sirdin Turawa, a yi darasin da shi. A saki cinya, ƙafa ta sauka da nauyinta, kunne da kafaɗa da ƙugu da diddige su zo a layi ɗaya. In ya ji zai zame, ya kama gaban sirdi ya jawo kansa ƙasa cikinsa. Wannan ba abin kunya ba ne, ko da abokai na kallo.

Sai karkata zuwa cikin da'ira, da kafa ido a wuyan doki. A ce masa ya dubi gaba ta tsakanin kunnuwan dokin, nauyinsa ya rabu daidai a ɓangare biyu. Wanda ya riƙe numfashi kuwa, a sa shi ƙirge da ƙarfi ko a ja shi da hira, jiki zai saki.

Gaggawar cire likkafa ma kuskure ne. A fara da tafiya, a saki hannu ɗaya, sannan biyu, a miƙa su gefe, a juya kafaɗa. Sai zama ya daidaita a tafiya za a shiga sassarfa, sukuwa kuwa sai can gaba. Hular kwano ta hawan doki dole ce tun ranar farko, rawani da hular zanna a ajiye su sai ranar hawa.